Keken Baba a Bakin Tafkin Abha

Allon da ke ƙofar tafki ya raba hanya uku:
kore ga mai lallaɓawa,
shuɗi ga mai sauran gwiwa,
ja ga wanda bai san ciwon baya ba tukuna.
Nawwaf bai gama karantawa ba ya zaɓi ja,
ya ɗaure igiyar takalmi, ya ɓace cikin itatuwa.
Yaya Talatuwa da mijinta suka bi shuɗi,
matakala ɗari da wani abu,
tana ƙirgawa, yana cewa ta yi ƙari.

Saura ni da Baba Ilu,
da keken nan mai ƙafar hagu da ke kuka.

Shekara talatin da ɗaya ya yi
yana tura baƙin Allah tsakanin Safa da Marwa:
tsohuwar Jawa mai nauyin tsuntsu,
ƙaton Baturken da barci ya sace a zagaye na huɗu,
wata Bakatsiniya da ta ji Hausa a bayanta
ta fashe da kuka, ta manta addu'ar da take yi.
Bakwai-bakwai, dare da rana,
har gwiwoyinsa suka ce sun sauke nasu faralin.
Bai taɓa zama cikin abin da yake turawa ba.

Yau ya zauna, ya ƙi jingina,
kamar baƙon da bai yarda da kujerar gidan ba.

“Ba da hannu ake turi ba, Hansatu, da ƙugu ne.
Sassauta. Wanda ke zaune ya riga ki jin rami.
In kin zo gangare juya da baya,
hawa gajiya ne kawai, gangare shi ke kayarwa.”
Na ce to. Na sake cewa to.
Digirina biyu, ga ni ɗaliba a bayan keke.

Ruwan kore ne, shiru, ya rungume dutse a cikinsa.
Sanyin Asir yana shiga ta wuyan riga.
Wani tsoho mai rawanin furanni da ɗoɗɗoya
ya miƙo mana zuma a bakin cokali,
Baba ya lasa, ya ce ta yi,
amma ba ta kai ta Zuru ba,
garin da ya bari yana ɗan shekara tara.

Gwaggon biri ta sauko daga kan katanga
ta ƙwace gurasar da ke cinyarsa.
Rabon da in ji dariyar nan
tun kafin Inna ta rasu.
Dariya har da tari, har da share ido da gefen hula.

Can sama gajimare ya sauka ya haɗiye hanyar ja.
Nawwaf ya bugo waya: ya kai ƙololuwa,
ba ya ganin komai sai fari,
ko tafin hannunsa da ƙyar.
Baba ya ce, “Gaya masa ya zauna ya jira,
dutse ba ya zuwa ko'ina.”
Sannan ya nuna min zalɓe a bakin ruwa,
tsaye da ƙafa ɗaya tun ɗazu,
mu ma muka tsaya muna taya shi jira.
Bai kama komai ba. Muka wuce.

A kwanar da inuwa ta fi yawa
na ji bayansa ya taɓa majingina.
A hankali, kamar mai ajiye tulu cike da ruwa.
Ban ce komai ba,
na dai rage sauri don kada ya lura.

Da muka dawo wurin allon
kafaɗuna suna zafi, la'asar ta gota.
Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, bai waiwayo ba,
ya ce, “Ɗaya kenan.
Saura shida.”