Makulli Na Uku

Jerin kaya ya zo daga jami'a ta waya,
Muniratu ta kwafe shi a bayan kalandar bara.
Na naɗe kalandar, na nufi Kejetia,
dattijo da tsohuwar shekara a hammata.

Bokiti, in ji layin farko.
Na ce wa mai bokiti ba kyau nake nema ba,
ba ni wanda zai hau bene hawa huɗu da ruwa a ciki
ranar da famfo ya yi yaji.
Ya miƙo shuɗi. Na ce kowa shuɗi zai kawo.
Na zaɓi wani ruwan goro, mummuna,
wanda ɓarawo ma zai ji kunyar ɗauka.

Gidan sauro. Zanen gado biyu. Matashi.
Fitilar caji, don wutar Kumasi
ba ta sallama in za ta tafi.
Wayar wuta mai baki huɗu,
tunda su huɗu ne a ɗaki, soket ɗaya a bango,
kuma na ga abin da bai kai wannan ba ya raba zumunci.
Sidin da na ƙulle tun watan azumi
kafin azahar sun zama labari.
Da canjin ƙarshe na sayi kwaɗo,
ƙarami, mai makulli uku a zobe ɗaya.

Takardar ba ta san buta ba.
Ba ta san darduma ba.
Waɗannan ni na rubuta su a ƙasa, da alli na ɗinki.

A Aboabo gida ya cika da tari,
Adiza na soya shito tun hantsi,
barkono ya kori har kajin maƙwabta.
Kwalba uku, ta ce, ɗaya ta ci, ɗaya ta rabo,
ɗaya a ɓoye ƙarƙashin kaya sai wata ya yi nisa.
Maame Serwaa ta leƙo ta katanga da gari cikin leda,
ta ce yunwar dare ba ta jin Turanci.
Kawu Mumuni ya kawo nasiha,
ita kaɗai ce ba ta ci wuri a akwati ba.

Ni tela ne. Abin da na iya na yi.
Ragowar atamfar Sallah na harhaɗa
na yi mata labulen gado,
don mutum na buƙatar inda zai yi kuka
ba tare da ido shida a kansa ba.
Allura, zare baƙi da fari, maɓalli bakwai,
a gwangwanin madara.

Akwati ya ƙi rufuwa.
Fuseini ya hau ya zauna, ya ƙi.
Muni ta tona, sai ga ƙaramin turmi a tsakiyar littattafai.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
Mma, Tek ce fa, trotro biyu ne daga nan!
Adiza ba ta ɗago ba, tana ɗaure bakin kwalba.
Ta ce nisa ba a ƙafa yake ba,
wanda bai ci tuwon darenka ba ya yi nisa.

Turmi ya koma madafa. Akwati ya haƙura.

Na danna kwaɗo, na zare makulli biyu na ba ta,
ɗaya a wuya, ɗaya a jaka.
Ta dubi zoben, ta dube ni.
Baba, na ukun fa?
Na ce ko za ki yar da naki.
Ta ce to, irin to ɗin uwarta.

Yau kwana tara.
Yana aljihun gaba, tare da allin ɗinki.
Duk sanda na sunkuya kan keke sai ya taɓa ni,
makullin da babu abin da zai buɗe a gidan nan.