Zaren da Ke Yafe Gaggawa

A kantin Verlene, can bakin Tafkin Caddo,
inda tsutsa ke kwana a firij kusa da lemo,
na tsaya gaban sanduna arba'in jere da bango
kamar baƙon da aka ce ya zaɓi ɗaki cikin duhu.

Na ɗauko doguwa, baƙa, mai taurin rodi.
Ko kai ba ta ɗago daga lissafinta ba.
"Mayar da ita, Odell.
Wannan ta masu lalube a ƙasan ruwa ce.
Kai a sama za ka yi wasanka,
kan sanda na kallon ƙasa, wuyan hannu na kaɗawa.
Doguwa sai ta riƙa marin ruwa,
kifi ya ji, ya yi maka dariya daga gindin bado."

Ta miƙo wata, ƙafa bakwai ba kaɗan,
gindi da ƙarfi, kai da ladabi.
Na dogara ta da sili,
ta rusuna, ta miƙe, ba ta riƙe ni a zuci ba.

Sai zare. Kwarkwaro uku ta jera a kan kanta.
"Wannan mai hasken gilas, kifi ba ya ganinsa,
amma nutso yake, ya ja hancin tarko ƙasa,
ɗan kifin katakonka ya koma gawa.
Wannan kitsattse ne, ba ya miƙewa;
abin da hannu ya faɗa, shi yake kaiwa, ba ragi.
Na masu haƙuri ne.
Ba naka ba."

Na ce, shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tirela,
daga Shreveport zuwa inda kwalta ta ƙare,
wa zai koya mini jira?

Ta cire tabarau.
"Na san ubanka Hoyt.
Ruwa na fashewa zai fizge,
tun kifi bai rufe baki ba.
Sau biyu na cire masa ƙugiya daga hula,
sau ɗaya daga kunne.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Ungo na nailan.
Yana iyo, yana miƙewa kamar danƙo.
Tsakanin gaggawarka da bakin kifi
zai sa maka numfashi guda."

Da asuba na tura kwale-kwale.
Itatuwa tsaye cikin ruwa har gwiwa,
gemunsu fari yana reto.
Wani zalɓe ya dube ni, ya ga ba abokin hamayya ba ne.
Na jefa.
Na bar zobban ruwa suka buɗe, suka mutu.
Sannan hagu, dama, hagu, dama,
ɗan katako na tafiyar mashayi a kan madubi.

Ruwa ya fashe.

Na fizge. Mana, na fizge.
Tarko ya wuce kunnena da fito,
na ji kamar tsohon ya yi tari a bayana.

Karo na biyu na ciji leɓe.
Ruwa ya fashe, na ƙirga sunayen 'ya'yana:
Darlene. Wendell.
Nauyi ya zo da kansa, ya ƙwanƙwasa tafin hannuna,
sanda ta rusuna har ta kusa shan ruwa,
ya tashi sama, kore, baki kamar bokiti,
ya girgiza kai sau uku
ya zagaye wani kututture,
ya tafi da dala goma sha biyu a leɓensa.

Na zauna. Zare na lilo, babu kowa a ƙarshensa.
Hannuna na rawa, ban hana shi ba.

Da hantsi na koma kanti.
Verlene ta dubi kunnena, ta dubi hulata,
ta ciro wani ɗan katakon daga ƙusa,
ta buɗe tsohon littafin bashi
ta rubuta sunana a ƙasan na Hoyt.