Rabin Rai

Ƙarfe shida, hazo bai gama tashi daga kogin Clinch ba,
Verlene Stooksbury ta zura hannu cikin baƙar safa
mai manne da akwatin gilashi,
ta ce da Thad, yaron da aka ba ta koyarwa:
"Matso. Ba ya cizo, sai dai ba ya yafe ganganci."

Abin da ke ciki bai kai ƙwayar riɗi ba.
Furometiyam.
Ka haƙe duwatsun Tennessee har guiwarka ta sage,
ba za ka cika cokalin shayi da shi ba.
Daga tokar murhun nukiliya ake tsinto shi,
a wanke, a tace, a sake tacewa,
wata da watanni,
kafin ya iso nan da launin furen wake,
kulorin na riƙe da shi.

Ta ɗaga wuta zuwa digiri ɗari huɗu,
ta saki tururin aidin da haidurojin ya bi ta kansa.
Shiru.
Na'urar ƙirga ce kawai ke ta ƙyas-ƙyas,
kamar kaza a kan faranti.
Kulorin ya tattara nasa ya nasa ya fice,
aidin uku suka kewaye ƙarfe guda,
sai ga ja.
Jan da ya fi na barkono duhu,
irin na ganyen da ke zuba a bakin hanyarta idan kaka ta yi.

"Yanzu sai hanzari," in ji ta.
"Gishirin nan maƙiyin raɓa ne.
Danshin numfashinka kaɗai ya isa ya lalata aikin wata uku."
Ta ɗura shi a bututu siriri kamar tsinken tsintsiya,
ta narka bakin, ta liƙe.

Thad ya ce, "Shi ke nan, mun adana shi."
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Mun hana ruwa shiga.
Wa zai hana shi fita?
Tun muna tsaye a nan yake zama wani abu.
Shekara biyu da wata bakwai, rabinsa ya koma samariyam,
ba ƙara, ba hayaƙi,
bututun na nan, nauyin na nan,
mai gidan ne ke raguwa."

Da yamma ta tuƙa tsohuwar akori-kurarta ta hau tudu.
Mahaifinta Coy na baranda, bargo a cinya,
mutumin da ya yi shekara talatin yana walda a bayan wannan shingen
bai taɓa faɗin me yake haɗawa ba.
Bara ya manta hanyar coci.
Bana ya manta yadda ake ɗaure takalmi,
amma hannunsa na nan, yana jan layi a iska,
a miƙe, ba rawa.
Ya dube ta ya ce, "Opal, kin dawo?"
Opal matarsa ce, shekara tara a ƙasa.
Ta ce, "Na dawo,"
ta ɗora tukunyar wake.

Washegari Thad na riƙe da alƙalami da 'yar takarda.
"Me zan rubuta a jiki?
Sunan da yake da shi yau,
ko wanda zai wayi gari da shi?"

Ta daɗe tana kallon jan ɗigon ta bayan gilashin dalma.
Ta kashe fitilar ɗakin.
Can, da ƙyar, wani ɗan haske mai ratsin shuɗi,
wanda sai ido ya haƙura yake gani,
hasken abin da ke ƙarewa ne, ta sani,
amma haske ne.

"Rubuta sunan," ta ce.
"Ka sa kwanan wata a ƙasa, da manyan baƙaƙe.
Wanda zai buɗe aljihun teburin nan bayanmu
ya yi nasa lissafin."

Ta zare hannu daga safa,
yatsun sun yi fari, sun tattare da gumi.
Kofinta ya huce tun ɗazu.
Ta shanye shi a haka.