Sashe na Tara

A saman gidan burodi muke zama, a Valparaíso,
ɗaki ɗaya, kujeru bakwai, biyu na aro.
Ƙanshin tanda kan hawo ta tsagar katako
tun ba a karanta bayanin zaman baya ba.
Ta taga, jiragen ruwa sun jeru a tasha
kamar ɗalibai masu jiran a duba musu aiki.

Mu ne masu koyarwa gida-gida.
Ni, matakala ɗari biyu nake hawa ran Talata
don in zauna da yaro ɗaya da lissafinsa.
Ƙungiyarmu ba ta neman riba, ribar ma ba ta neme ta ba.
Kuɗin wata Leontina ke tarawa a gwangwanin shayi,
tana rubuta wanda ya biya da baƙin biro,
da ja kuma, wanda ya ce sai Juma'a.

Bara na fita amsa waya, minti uku,
na dawo na tarar da hatimi da mabuɗi a kujerata.
Wai ni ce shugaba.
Na ɗauka aikin bai wuce roƙon mutum biyar
su zo, don zama ya halatta,
da rabon gardama kan farashin awa guda.

Sai ga wasiƙa daga wata uwa a tudun Barón.
An rubuta wa 'yarta aikin jarrabawa, shafi shida,
an biya, makaranta ta gane.
Sunan da ke ƙasa na karanta sau uku:
Amaro Cifuentes.

Amaro, da ya kafa mu shekara ashirin da biyu.
Shi ya raka ni gidan farko da na koyar,
ya tsaya bakin ƙofa har muryata ta bar rawa.
Sashe na tara ma rubutun hannunsa ne:
malami ya riƙe fitila, ɗalibi ya yi tafiya;
wanda ya goyi ɗalibi ya tsallake da shi,
a ɗage sunansa shekara biyu.

Ya zo da hularsa a hannu, bai musa ba.
Ya ce matarsa na asibiti tun watan Mayu,
yarinyar kuma ta yi ta kuka.
Ya fita, muka ji takunsa ya tsaya a tsakiyar bene.

Benigno ya ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Fresia ta ce, wake ɗaya ke ɓata gari,
iyaye ɗari uku ne suka ba mu ƙofofinsu.
Hannu uku nan, hannu uku can.
Shayi ya huce. Idanu shida-shida suka dawo kaina.

Na nemi wata kafa a cikin takardar,
na duba sama, na duba ƙasa.
Dattijon bai bar ko ta allura ba;
ya iya rubutu, shi ne matsalar.
Na ɗaga hannu, ya yi nauyi kamar na wani.

Leontina ta ce gwangwani ba ya biyan asibiti,
sashe na huɗu ya hana.
Sai ta cire hular sanyinta ta kifa, ta juya,
ta fara jefa kuɗin motarta.
Fresia ce ta zuba mafi yawa, ba ta dubi kowa ba.

Da muka kira shi ya sa hannu,
ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa,
ya ce, “Herminia, kin manta waƙafi a nan.”
Ya ɗiga shi, sannan ya rubuta sunansa.

Ran Talata na hau matakalata.
Yaron ya turo littafi, ya ce, ki yi mini wannan kawai.
Na san amsar, tana ƙaiƙayi a yatsuna.
Na zauna a kan hannuna na dama,
na ce, sake karanto mini tambayar.