Zakara a Bakin Ƙofa

Shekara bakwai muna tarar ruwa da bokiti
a ɗakin nan da muke kira gidan zane.
In hadari ya haɗo daga wajen Madarumfa,
Arzika mai gadi ba ya jiran a faɗa masa,
sai ya kwashe zanen ya jera bayan ƙofa
kamar mai shigar da awaki.

Akwai tabon yoyo a bangon gabas,
dogo, mai rassa, kamar Gulbi in ya cika.
A gindinsa na koyi haɗa shuɗi da toka.

Yau babu shi.
An shafe bangon da ruwan ɗorawa,
launin galan ɗin kamfani.
Sabon kwano, fanka shida,
daɓe mai santsi har Arzika na taka shi da kunya.
Bisa ƙofa zakaran kamfanin man gujiya
ya wage baki, ya fi ni tsawo.
Sunan gidan na ƙarƙashin ƙafarsa,
sai ka matso kake iya karantawa.

Ƴan kabu-kabu sun cika titi,
kowa da hularsa ta kyauta, kowa da zakara a goshi.
Mushe Lawali, daraktan kamfani,
ya ce miliyan arba'in sau uku cikin jawabi ɗaya.
Muka tafa. Ni ma na tafa,
wanda ya kwana cikin yoyo ya san kuɗin rufi.
Almakashi ya ƙi cin ƙyallen buɗewa,
sai da aka aro wuƙar mai tsire.

Aikina na can kusurwa:
kwalabe ɗari da sha ɗaya rataye da waya,
kowace da ɗigon mai a gindinta,
in haske ya ratsa sai ƙasa ta yi zinariya.
Na innata ne, Tasalla ta Bagalam.
Shekara talatin tana matsar tunkuza
har yatsunta suka daina miƙewa.
Da galan ya shigo kasuwa da rangwamen dala ashirin,
ba ta zagi kowa ba.
Ta juye turmi,
ta tura kwalaben ƙarƙashin gado.

Na kwana ina wasa magana kamar lauje
don mutumin nan.

Ya zo ya tsaya.
Masu ɗaukar hoto suka gaji suka koma wajen lemu.
Ya kama kwalba guda, ya cire totuwar bakinta,
ya shinshina,
ya ce, ba da muryar jawabi ba,
"Kakata a Tibiri, haka ɗakinta ke ƙamshi."
Laujena ya faɗi.

Sannan ya gyara babbar riga, ya ce, "Nawa?
Ina so a rataya min su a ofis."
Jika ɗari biyar ya taya.
Daidai abin da likita ya ce
za a cire wa inna yanar ido da shi, har da canji.
Na ce zan yi shawara.

Da dare na same ta kan tabarma tana ɓarar gujiya da lalube.
Na faɗa mata duka, har da zakaran.
Ta yi dariya sai da ta yi tari.
"Wanda ya hana ni sayar da mai
shi zai sayi kwalbar?
Sayar masa, ƴar nan, ki ƙara masa kuɗi.
Amma ki cire koriyar mai tsagin wuya,
ta Hajjo ce, aro na yi."

Ban amsa ba tukuna.
Katinsa na cikin jakata, yana warin turare.

Jiya ruwa ya sauko da asuba.
Arzika ya ce ya zabura, ya suri bokiti,
ya kutsa ɗakin a guje,
ya tsaya tsakiyar daɓe
yana duban sama,
yana jiran inda zai ajiye shi.