Kwalabe Biyu a Madarumfa

Cima ta dawo lakwal da kwalabe biyu.
Ta ce, "Baba, samo mini ciyawar ƙasan ruwa,
wadda kake tsine wa kullum in ta sarƙe taru."
Na shiga tafki har ƙugu, na tsinko mata.

Ta tafasa ruwa, uwarta na mitar itace,
ta rufe shi ya huce, ta cika kwalaben,
ta jefa reshe nan, reshe can,
ta ɗora su bisa kifaffen turmi a tsakar rana.
Muka zauna.
Kaza ta zo ta leƙa, ta wuce.
Ga rana, ga ruwa, ga ganye kore shar,
amma shiru, kamar kasuwar da ta watse.

Sai ta miƙo mini karan shinkafa.
"Hura a ta dama kaɗai."
Ni Hankurau, mai shekara hamsin da bakwai,
na durƙusa ina busa ruwa kamar ɗan yaye.

Ba a jima ba,
daga bakin yankan reshen
wani ɗan ƙwayar iska ya fito, bai kai gero ba,
ya yi sama.
Wani ya bi shi. Wani kuma.
Cima na ƙirga da yatsu, goma sha ɗaya, sha biyu.
Ta hagu kuwa ko tari.

Ta ce, "Wuta ta kori iskar kabon daga ruwan.
Ganye mai tuƙa tuwo ne, rana ce murhunsa,
amma murhu ba ya ciyar da gida in babu gari.
Garin shi ne abin da ƙirjinka ya zubar.
A cikin ruwa tafiyarsa ta hawainiya ce,
shi ya sa bado ya shimfiɗa tabarmarsa a sama,
kainuwa ma ta ƙi nitsewa."

Na yi shiru, don na tuna.
Na sha ganin karfasa da asuba, lokacin bazara,
baki a sama, suna haki kamar masu gudu.
Na sha ganin kumfa a jikin ciyawa da hantsi,
in la'asar ta yi ta ja baya, alhali rana na nan.
Shekara arba'in ina gani,
ban taɓa tambayar wa ke bin wa bashi ba.

Ashe kifi na ci daga numfashin ciyawa,
ciyawa na ci daga numfashin kifi,
har ruɓaɓɓen laka na zuba nasa a asusun.

Jiya taruna ya sake sarƙewa wajen tsibiri.
Na buɗe baki zan yi tsinuwar da na saba,
sai na warware shi a hankali, zare-zare,
na mai da ita ruwa.
Ɗan Tani daga kwalekwalensa ya ce, "Lafiya?"
Na ce masa, "Ja naka."