Akwatin da Ya Amsa

Shekara arba'in ina ƙera akwatin gawa
a lungun nan na Petrolina, bayan masu sayar da kifi.
Ban taɓa samun ƙorafi daga mai shiga ba.
Tsawo nake aunawa, da faɗin kafaɗa.
Saura shiru ne, shiru kuwa ba ya neman awo.

Sai ga jikata Edileuza ran wata Asabar,
ta tsai da tsohuwar motarta a ƙofar shago,
ta rungumo lasifika baƙa wuluk,
inci goma sha biyu,
maganaɗisun gindinta ya kai nauyin jariri.
Ta ce, Kaka, gina wa wannan ɗaki.

Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na taɓe baki.
Na ce, yarinya, wannan ai ba ta mutu ba.

Ta shimfiɗa takarda kan bencin aikina:
lita hamsin da biyu, ba ƙari, ba ragi.
Lita na me?
Na iska, Kaka.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ni da na auna limamin coci da ɓarawon awaki,
yau an ce in auna babu.

Muka buɗe but ɗin motar.
Ga ƙusumbin taya ya ci kusurwa,
ga kujerar baya ta jingina a karkace,
ba wani layi da ya miƙe tsakani da Allah.
Ta yanka kwali, ta gwada, ta sake yankawa,
fensir a bayan kunne irin na marigayi ubanta.
Wannan ban faɗa mata ba.
Nasa akwatin ma ni na yi.

Katako mai kauri, wanda ba ya rawa.
Zarto ya ci, gari ya tashi, ya zauna mana a gira.
Gam a kowace gaɓa, ƙusa mai murɗi bi da bi,
tokara a ciki, kada bango ya yi gardama.
Sannan bututun numfashi.
Ta ce tsawonsa ne ke zaɓar kaurin murya.
Maƙogwaro ke nan, na ce.
Ban taɓa bar wa akwati maƙogwaro ba.

Na farko ya ba mu kunya.
Da ta haɗa waya, sai wani siririn fito
kamar tsohuwa mai wushirya tana hura shayi.
Na kunna kyandir, na bi gaɓoɓin a hankali,
a kusurwar hagu harshen wutar ya rusuna.
Kafar da ba ta kai ƙwayar gero ba!
Matattu sun lalata ni,
ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki.

Muka ɓalle, muka sake.
Kwana uku gam na bushewa, ita tana zagaye shi
kamar kaza da ƙwai.
Ta lulluɓe shi da kafet ruwan toka,
ta zaunar da lasifikar a gurbinta, ta ɗaure.

Kunnuwana zarto ya daɗe da cinye su.
Ƙararrawar coci ma sai na ga tattabaru sun watse
nake sanin an buga.
Don haka da ta murɗa, ban sa rai ba.

Ta tafin ƙafa ya shigo.
Ya hau gwiwa, ya sami haƙarƙari, ya zauna.
Ƙusoshi suka hau tsalle cikin gwangwani,
madubin motar ya manta fuskata,
akwatuna shida da ke jingine da bango,
waɗanda masu su ke yawo a kasuwa ba su sani ba,
duk suka ɗauki gurnani.

Tana magana, bakinta kawai nake gani.
Na ɗora tafi kan murfin da na rufe da hannuna.
Shekara arba'in ina rufewa.
Yau na ciki ya amsa.

Na yi mata alama da yatsa: ƙara kaɗan.